Shiga gwajin maganin gogar ƙashin kwatangwalo: me ya kamata in sani?

Ɗan Jekadafari, Gombe:

Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekarata 29, kuma ina buga ƙwallo tun ina yaro. Na daɗe ina fama da ciwo a matsematsina na dama, wanda yake tsananta idan na jima a kan keken ɗinki, ko na tsuguna, ko na zauna tahiya. Bayan an ɗauki hoton ƙashi, likita ya ce kan ƙashin cinyata ne yake gogar bakin kwarmin kwatangwalo, abin da suke kira FAI. Ya tura ni gashin ƙashi, wato jinya ta hanyar motsa jiki, ya ce tiyata tana iya biyo baya idan ban samu sauƙi ba. Wani abokina ya ba ni shawarar in nemi shiga gwajin da masu bincike suke yi, domin a cewarsa ana yi wa mutum aiki kyauta, amma mahaifiyata da ta ji kalmar gwaji sai ta ce sam, domin ba ta manta abin da ya faru a Kano ba. Ina roƙon masana su yi mini bayani.

Ma'aikacin gashi, Bauchi:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, ƙanena. Abu na farko da abokinka bai gaya maka ba shi ne, a irin wannan gwaji ba kai ne kake zaɓar maganin da za a yi maka ba, kuma ba likitanka ba ne. Kwamfuta ce take raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, domin a kwatanta hanyoyi biyu ba tare da son rai ba. Saboda haka wanda ya shiga da niyyar samun tiyata yana iya faɗawa rukunin gashi, wato abin da aka riga aka tura ka ka yi.

Babban gwajin da aka fi dogara da shi a kan wannan ciwo shi ne wanda aka yi a Birtaniya ƙarƙashin Farfesa Damian Griffin na Jami'ar Warwick, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2018. Mutum 348 ne suka shiga daga asibitoci 23. An yi wa wasu tiyatar da ake zura kyamara da kayan aiki ta ƙananan huji a kankare ƙashin da ya yi tudu, a gyara guringuntsin da ya yage, wasu kuma aka tsara musu motsa jiki na musamman a hannun masu gashi. Bayan wata 12 duka rukunin biyu sun samu sauƙi, sai dai waɗanda aka yi wa tiyata sun ɗara da maki 6.8 a ma'aunin lafiyar kwatangwalo da yake tsayawa a 100. Wani gwajin da masu bincike na Oxford suka buga a 2019 shi ma ya nuna tiyata ta ɗara. A ganina wannan rata ta gaske ce, amma ba ta kai a ce wanda bai samu tiyata ba ya yi asara ba, musamman idan ya riƙe motsa jikin da gaske na tsawon watanni maimakon ya je sau biyu ya daina.

Malamin jami'a mai ritaya, Bauchi:

Ɗana, ka gaishe da mahaifiyarka, domin tsoronta yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka kuma shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Yanzu akwai kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, wato NHREC, da ƙa'idojin da aka fitar a 2007, kuma asibitocin koyarwa suna da nasu kwamitocin da dole su amince kafin a fara kowane bincike a kan ɗan Adam. Idan magani ne ko na'ura ake gwadawa, sai da izinin NAFDAC.

Duk wanda ya gayyace ka, ka nemi lambar amincewar kwamitin da lambar rajistar gwajin, wadda ake iya dubawa a rajistar PACTR ta Afirka ko a ClinicalTrials.gov. Ka nemi a karanta maka takardar amincewa da Hausa, ka tafi da ita gida ku yi shawara kafin ka sa hannu. Ka tambaya wane ne zai ɗauki nauyin jinya idan an samu matsala, da kuɗin mota na zuwa bibiya, da abin da zai faru bayan an kammala. Haƙƙinka ne ka janye duk lokacin da ka ga dama ba tare da an hana ka kulawar da ka saba samu ba. Wanda ya nemi ka biya kuɗin fom ko ya yi maka alkawarin warkewa, ka rabu da shi.

Ma'aikaciyar jinya, Gombe:

Ɗan Jekadafari, ina so in ƙara abu guda. Hoto kaɗai ba ya tabbatar da wannan ciwo, domin mutane da yawa, musamman 'yan ƙwallo, suna da irin wannan tudu a ƙashi ba tare da wani ciwo ba. Sai alamomin da kake ji, da gwajin da likita ya yi da hannunsa, da hoton sun dace da juna. A yankinmu kuma dole a duba sikila, saboda tana hana jini kaiwa kan ƙashin cinya har ya mutu, ciwon kuma a wuri ɗaya ake jin sa da na FAI. Idan ba ka san rukunin jininka na gado ba, ka yi gwajinsa, sannan ka nemi likitan ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ya duba ko kana buƙatar hoton MRI. Masu bincike ma sai sun tantance wannan kafin su karɓe ka, kuma galibi ba sa ɗaukar wanda gaɓarsa ta riga ta lalace da amosanin gaɓɓai.