Maƙoƙo bai wadatar ba: wane suna za mu ba cutar Hashimoto?

1/ Jama'a, masana harshe da ma'aikatan lafiya, ku matso. Likita zai rubuta wa mace hypothyroidism a kati, wato gazawar aikin wata halitta da ke gaban wuya, ta fito ta tambayi nas me ke damunta, a ce mata "maƙoƙo ne". Sai ta shafa wuyanta ta ji ba kumburi, ta ce asibiti sun yi kuskure, ta jefa maganin cikin durowa. Rashin suna ne ya jawo haka.

2/ Maƙoƙo sunan kumburin wuya ne kawai. Yana fitowa idan jiki bai samu aidin isasshe ba, abin da ya sa aka wajabta zuba aidin a gishirin Najeriya tun 1993. Yana fitowa kuma idan halittar nan ta gaban wuya ta zaƙe da aiki, ko ta gaza. Sannan mutane da yawa tasu ta gaza, amma wuyansu lafiya lau a ido.

3/ Ita halittar tana ƙasa da zakaran wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi. Sinadaranta, T4 da T3, su ke daidaita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumi, narkewar abinci, har al'adar mata. Wani likitan Ingila, Thomas Wharton, ya raɗa mata suna thyroid a 1656 daga kalmar Girkanci mai nufin garkuwa. Kada mu bi shi mu ce "garkuwar wuya", don mun riga mun ba sojojin jiki sunan garkuwa. Ni dai a ari kalmar: tayirod.

4/ Sai gazawar tata. Wata 'yar'uwa ta kawo "sanyin tayirod", tunda masu ciwon ba sa jure sanyi. Hujjarta mai kyau ce, amma kun san abin da kunnen Bahaushiya ke ji idan aka ce mata tana da ciwon sanyi. Gobe za ka same ta wajen mai maganin sanyi, tana shan jiƙo. "Mutuwar tayirod" kuma ya yi tsauri, ga tsoratarwa, alhali ciwo ne da ake zaune lafiya da shi idan ana shan magani.

5/ Na tsaya a kan kasalar tayirod. Kasala ta kama halittar, kasala ta kama mai ita. Mace ta yi barci cikakke ta tashi a gajiye, ta ja mayafi a watan Afrilu kowa na fifita, gashi na cika mataji, fata ta bushe, bayan gida ya yi wuya, ƙiba na ƙaruwa ba tare da ta ƙara ci ba, murya ta dushe. Wata ma sai al'ada ta rikice ko ciki ya riƙa zubewa. A gida kuwa a ce son jiki ne. Idan muka ce kasalar ta tayirod ce, mun ɗauke laifin daga kanta. Kishiyarta sai mu ce zaƙewar tayirod.

6/ Inda na fi damuwa shi ne kalmar autoimmune, wato ciwon da garkuwar jiki ke kai wa jikin mai ita hari; cutar Hashimoto irinsa ce. A 1912 wani likitan Japan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana ciwon da ake kira da sunansa daga wuyan mata huɗu da aka yi wa aiki. Sai a 1956 Deborah Doniach da Ivan Roitt a Landan suka gano a jinin masu ciwon cewa garkuwar jikinsu ce ke kai wa tayirod hari. A inda aidin ya wadata, wannan ne babban dalilin kasalar tayirod, kuma ya fi kama mata nesa ba kusa ba.

7/ Don Allah kada kowa ya fassara shi da "matsalar garkuwar jiki". Shekara da shekaru rediyo na cewa "cuta mai karya garkuwar jiki", kowa ya san me ake nufi. Faɗa wa magidanci matarsa na da matsalar garkuwar jiki, kana iya kashe aure. Nan garkuwar ba ta karye ba, juyowa ta yi kan gida. Shi ya sa na ce tawayen garkuwa. Kalmar za ta yi mana aiki har a sauran cututtuka masu irin wannan hali.

8/ Ku ji yadda zai fita a bakin nas: "Hajiya, kasalar tayirod ce, tawayen garkuwa ya kawo ta. Ba a ɗauka, ba a shafa wa wani. Gwajin jini na TSH ne ya nuna. Ga levothyroxine, ƙwaya kullum da safe kafin ki ci komai, ki jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Maganin ƙarin jini ki ba shi tazarar awa huɗu. Ki dawo bayan sati shida zuwa takwas a sake gwaji, kuma ko kin ji sauƙi kada ki daina."

9/ Saura rubutu: tayirod ko tayiroyid? Na fi son na farko don ya fi sauƙi a baki. 'Yan'uwa na Maradi da Damagaram, ku da kuke ji daga likitoci masu Faransanci, ku faɗa mana yadda ake furta ta a wajenku kafin mu tsayar.