Kwamfutar da na haɗa a 2017: in ƙara mata kaya ko in haɗa sabuwa?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan kwamfutar tebur da na haɗa da hannuna a shekarar 2017, wadda har yau da ita nake yin kowane aiki. Furosesarta Ryzen 5 1600 ce ta kamfanin AMD a kan madabod (babban allon da ake jona komai a kansa) mai B350, da RAM na DDR4 sanda ɗaya tak mai 8GB, da katin hoto GTX 1060 mai 6GB, sai faifai mai juyawa na 1TB wanda Windows da fayilolina duka suke kansa. Akwatin wutar na wat 500 ne, irin wanda ya zo a ɗaure cikin gidan kwamfutar, kuma babu sunan wani sanannen kamfani a jikinsa.

Yawancin aikina tace bidiyo ne, sai kuma wasanni idan na samu sarari. Yanzu takan daɗe kafin ta gama tashi, manhajar tace bidiyo takan tsaya cak idan ina jan hoto gaba da baya, sannan Windows 11 ta ƙi hawa kanta, alhali Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025. Shin gara in sauya wasu sassa in ci gaba da ita, ko lokaci ya yi da zan haɗa sabuwa gaba ɗaya? Kuma tunda ina bibiyar tarukan baje kolin fasaha na CES da Computex kowace shekara, zuciyata tana raya mini in dakata tukuna in ga abin da za a fitar. Ko jiran yana da amfani?

Dattijon Fasaha:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka sayi ko da dunƙulen waya, ka fara gano sashen da yake riƙe sauran. Ka buɗe manhajar da ka saba aiki da ita, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, sai ka bar shi a gefe ka ci gaba da aikinka kana satar kallonsa. A daidai lokacin da hoton ya tsaya, duba ka ga wanne ne ya cika tsakanin furosesa, RAM, faifai da katin hoto. Bisa bayanin da ka yi, ina kyautata zaton za ka tarar faifan yana kan kashi 100 cikin 100, RAM ya kusa cikewa, furosesar kuwa ko rabin ƙarfinta ba ta kai ba.

Faifai mai juyawa yana da allura da sai ta yi tafiya zuwa wurin da bayani yake, sannan ta jira farantin ya juyo da shi. Idan babban fayil guda yake karantawa a jere yakan kai kimanin 150MB a daƙiƙa, amma aikin Windows na yau da kullum tsintar dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse, kuma a nan ne yake durƙushewa. SSD, wato ma'ajiyar zamani da ke maye gurbin faifan, ba shi da wani abu mai motsi a cikinsa, saboda haka duk inda bayani yake, nan take yake kai wa gare shi. Wanda ake haɗawa da wayar SATA yana tsayawa a kusan 550MB a daƙiƙa, na NVMe kuwa a kan layin PCIe 3.0 da madabod ɗinka yake da shi yakan kai wajen 3,500MB. Akasarin allunan B350 suna da gurbin M.2 guda ɗaya, inda ake sa na NVMe, sai dai ka karanta littafin naka, domin a wasu idan aka sa kaya a wannan gurbin wasu ramukan SATA sukan daina aiki. Tsohon faifan kuma kada ka jefar da shi, ka mayar da shi ma'ajiyar bidiyon da ka riga ka gama.

Matsala ta biyu tana da alaƙa da ta farko. Idan 8GB ya cika, Windows takan kwashe abin da ya rage ta zuba a kan faifai, faifan nan kuma shi ne mai jan ƙafa, shi ya sa kake ganin tsayawar nan. Bugu da ƙari, sanda ɗaya na nufin furosesar tana magana da RAM ta hanya ɗaya maimakon biyu, kuma Ryzen tana jin wannan rashin sosai. Sanduna biyu kake buƙata, kuma a yawancin alluna masu ramuka huɗu ana sa su ne a rami na biyu da na huɗu idan ka ƙirga daga wajen furosesa.

Ni a ganina waɗannan biyun za su kawar da mafi yawan abin da ke damunka. Batun Windows 11 kuma na furosesa ne, domin jerin da Microsoft ya amince da shi ya fara ne daga Intel zubi na 8 da Ryzen 2000, taka kuwa ta zubin farko ce. Sa'ar da ka yi ita ce soket ɗin AM4, wato gurbin da furosesarka ke zaune a ciki, ya yi tsawon rai, kuma a 2022 AMD ya buɗe wa allunan A320 da B350 da X370 hanyar ɗaukar Ryzen 5000 ta sabunta BIOS, wato manhajar cikin allon da ke tayar da kwamfuta. Ryzen 5 5600 cibiya 6 gare ta kamar taka, wutar da take ci wat 65 kamar taka, amma tana kaiwa 4.4GHz inda taka ke tsayawa a 3.6GHz, kuma ma'ajiyarta ta L3 mai 32MB ce a dunƙule, taka kuwa 16MB ce a rabe gida biyu.

Mai Tace Bidiyo:

Sannu da ƙoƙari, Baba Dattijo, na gamsu da tsarin da ka jero, amma ina da ja a wurare biyu, kasancewar tace bidiyo ita ce sana'ata. Na farko, ɗan'uwa, kada ka sayi wata sanda mai 8GB ka jona wa tsohuwar. Mai yiwuwa su zauna lafiya, amma sau da yawa idan gudu ko ƙirar ƙwayoyinsu ya bambanta, kwamfutar takan koma gudun mai rauni a cikinsu, ko kuma ta riƙa mutuwa a tsakiyar fitar da bidiyo ba ka san dalili ba. Ka sayi sanduna biyu da aka sayar a kwali ɗaya, kuma idan kana taɓa bidiyon 4K ka nufi 32GB kai tsaye, domin 16GB ba ya daɗewa yake cika da zarar ka buɗe burauza a gefe. Bayan ka sa su, ka shiga BIOS ka kunna XMP, wanda wasu kamfanoni ke kira DOCP ko A-XMP. Idan ba ka kunna ba, sandar da aka rubuta 3200 a jikinta za ta iya zama a kan 2133 ko 2400 har illa masha Allahu. Sannan ka bar MemTest86 ya kwana yana gwada su kafin ka ɗora musu aikin da ba ka son ya lalace.

Na biyu, akwatin wutar nan ya fi komai tayar mini da hankali, kuma ban ga Baba Dattijo ya ambace shi ba. Shi ne sashen da idan ya lalace yake iya tafiya da sauran. GTX 1060 wat 120 kawai yake ci, shi ya sa akwatin ya jure duk tsawon shekarun nan, amma lambar 500 da ke jikin akwatin da ba a san maƙerinsa ba ba abin dogaro ba ce, ga kuma tsufa da kayan cikinsa suka yi. Tambarin 80 Plus ma, wanda mutane ke ɗauka shaidar inganci ce, yana auna yawan wutar da ba ta salwanta a matsayin zafi ne kawai. Ka nemi na kamfanin da yake bayar da garanti mai tsawo, wanda masu gwaji suka buɗe cikinsa suka yaba, kuma wannan akwatin zai bi ka har cikin kwamfutar da za ka haɗa nan gaba.

Katin hoton kuwa zan bar shi a ƙarshe. Yana iya matse bidiyon H.264 da HEVC da kansa, abin da bai iya ba shi ne AV1, wanda a wajen Nvidia sai daga zubin RTX 40. Nvidia ya sanar da cewa katunan zamanin naka za su ci gaba da samun gyaran tsaro har Oktoban 2028, ko da yake an daina yi musu sababbin gyare-gyaren wasanni.

Sabon Jini:

Da girmamawa ga manyana, ni ban ga hikimar zuba kuɗi a dandalin da ya zo ƙarshen hanyarsa ba. AM5, soket ɗin da ya gaji AM4, ya fito tun Satumban 2022, kuma a Computex na 2024 AMD ya yi alkawarin tallafa masa har 2027 da bayanta. RAM ɗin DDR4 da za ka saya yau ba zai shiga AM5 ba, domin DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma tsagar sandunan biyu ba a wuri ɗaya take ba. Haka furosesar ma a nan za ta tsaya. Allon B350 kuma zai riƙe ka a PCIe 3.0 ko da ka sa Ryzen 5000, alhali katunan hoto irin su RTX 4060 da RX 6600 layi 8 kawai suke amfani da shi, don haka tsohon layin zai iya rage musu gudu. Yaya, ka sayi SSD da akwatin wuta yanzu tunda su za su ƙaura tare da kai, sauran kuɗin ka tara.

Mai Gyaran Kwamfuta:

Maganar Sabon Jini tana da ƙamshin gaskiya ga wanda yake da halin sayen madabod da furosesa da RAM a lokaci guda. Amma a wannan taron na Computex da ya ambata, shugabar AMD Lisa Su ta gabatar da Ryzen 9000, kuma kamfanin ya haɗa da sababbin furosesa biyu na AM4, wato 5800XT da 5900XT, shekara kusan takwas bayan fitowar soket ɗin. Wannan ma ya amsa tambayarka ta jira, Malam. CES a Las Vegas ake yinsa a watan Janairu, Computex a Taipei wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, saboda haka kullum akwai wani taro a gabanka cikin 'yan watanni. Abin da ake nunawa a dandamali yawanci kayan sama ne, kamar yadda shugaban Nvidia Jensen Huang ya fito da zubin RTX 50 a CES na 2025, kuma babu wata sanarwa da za ta sauya gaskiyar cewa faifai mai juyawa ne yake riƙe ka. Ni ma ina kallon tarukan nan da sha'awa, amma jira yana da ma'ana ne idan sabon dandali za ka haɗa kuma an riga an faɗi ranar fitowar kayan.

Idan ka zaɓi hanyar Dattijo, tsarin aikin ne yake ba mutane wahala, kuma na ga alluna da dama da aka kawo gyara saboda an tsallake mataki. Ka sabunta BIOS tun tsohuwar furosesar tana ciki, domin allon ba zai tashi da sabuwar ba sai ya san ta. Ka je shafin kamfanin da ya ƙera allon, ka tabbatar da ainihin lambar naka, ka karanta bayanin da ke ƙarƙashin kowane BIOS, saboda wasu sai an bi ta wani na tsakiya kafin a kai na ƙarshe, wasu kuma suna cire tallafin tsofaffin furosesa don ƙwaƙwalwar BIOS ɗin ƙarama ce. Kada wuta ta yanke ana cikin aikin, don haka idan kana da UPS ka jona.

Wajen cire tsohuwar, ka bari kwamfutar ta yi aiki na ɗan lokaci man sanyayar ya yi laushi, sannan ka kashe ka zare wayar wuta. Ka kwance kusoshin fankar a gicciye kaɗan-kaɗan, ka murɗa ta hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. Idan ka fizge ta kai tsaye, furosesar AM4 takan biyo ta a manne duk da cewa maƙullin soket yana rufe, kuma a nan ne siraran ƙafafunta suke lanƙwashewa. Sabuwar kuma ka daidaita ɗan alwatika mai ruwan zinariya da ke kusurwarta da alamar da ke kan soket, za ta faɗa da kanta ba tare da ka danna ba.

Mai Neman Sani:

Allah ya saka muku da alheri. Na yi gwajin Task Manager, kuma kamar yadda Baba Dattijo ya faɗa, faifan ne yake cika, RAM yana biye da shi. Na yanke shawarar fara sayen SSD da akwatin wuta, sai RAM, sannan furosesa. Abin da ya rage mini shi ne, shin in kwafe Windows ɗina zuwa sabon SSD ɗin, ko in zuba sabuwa?

Mai Gyaran Kwamfuta:

Ka zuba sabuwa, Malam, bayan ka ajiye kwafin fayilolinka a wani wuri dabam. Windows ɗin da aka zuba a 2017 mai yiwuwa tana kan MBR, tsohon tsarin raba faifai, Windows 11 kuwa tana buƙatar UEFI, wato sabon salon BIOS, da faifai mai tsarin GPT. Ka shiga BIOS ka kashe CSM, wato tsohon salon tashi, ka kunna fTPM wanda shi ne TPM 2.0 ɗin da ke cikin furosesar AMD, wato sashen tsaron da Windows 11 ke buƙata, kuma ka cire wayar tsohon faifan yayin zubawa don kada Windows ta ajiye fayilolin tashi a kansa. Tunda furosesar ce za ta zo a ƙarshe, Windows 10 za ka zuba yanzu a kan wannan tsarin, kuma ka duba shirin ESU na Microsoft, wanda aka tsara ya bai wa masu amfani na gida gyaran tsaro har 13 ga Oktoba 2026. Idan ka kunna BitLocker, wato tsarin Windows na kulle faifai, ka rubuta mabuɗin ceto ka adana kafin ka taɓa BIOS ko ka sauya furosesa, domin fTPM ɗin sabuwar ba zai gane mabuɗin tsohuwar ba, kuma za a tambaye ka shi a tashin farko.