Ƴata ta rage darussan AP ko ta daure?

Assalamu alaikum ƴan uwa. A Amurka muke zaune, ƴata tana aji 11. Ta ɗauki darussan AP (wato darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare) har 4, ciki da kemistiri, don jami'o'in nan suna duba nauyin darussan ɗalibi, ba maki kaɗai ba. Yanzu sai ƙarfe 2 na dare take kwanciya. Shekaranjiya da asuba na tarar barci ya kwashe ta a kan littafi, abincin darenta ko taɓawa ba ta yi ba. Ga jarrabawa sai Mayu.

Na ce ta ajiye kemistiri, sai ta fashe da kuka, wai zai fito a takardar sakamakonta. Don Allah iyayen da suka ga irin wannan, ajiye darasi tsakiyar shekara zai hana ta samun gurbi?