Wane suna za mu raɗa wa labarin ciniki da shago ke aika wa Facebook?

'Yan uwa masu tallar kaya a intanet da malamai masu fassara, abin da nake so mu tsayar wa suna shi ne wanda Turawa ke kira "server-side conversion tracking", domin fassarar da ake gani tana yawo, wato "bin diddigin juyawa ta gefen uwar garke", ba ta gaya wa ɗan kasuwa komai.

Sai mu fara da aikin kansa. Mai shago ya biya Facebook ko TikTok kuɗin talla, yana son ya san wace talla ce ta kawo mai saye, shi kuma dandalin yana bukatar wannan labari don ya gane irin mutanen da zai ƙara nuna wa tallar, kamar dai dillalin da ke son jin ko baƙon da ya kawo ya sayi kaya. A da, ɗan guntun rubutun kwamfuta da ake dasawa a shafin shago, irin su Meta Pixel na kamfanin Meta mai Facebook, shi ke kai labarin daga burauzar mai saye, wato manhajar da yake buɗe shafukan intanet da ita. Sai dai manhajojin toshe talla suna hana shi aiki, tun 2019 kuma burauzar Safari ta taƙaita rayuwar kukis, wato 'yan bayanan shaida da irin wannan rubutu ke ajiyewa a burauza, zuwa kwana 7, sannan idan sabis ya yanke kafin shafin godiya da ke fitowa bayan biya ya buɗe, cinikin ya wuce ba a ƙirga shi ba. Da Apple ya fitar da iOS 14.5, manhajar da ke tafiyar da wayar iPhone, a watan Afrilu na 2021, inda dole manhaja ta nemi izini kafin ta bibiyi mai waya, sai masu talla suka raja'a ga sabuwar hanya: kwamfutar da ke ɗauke da shagon ita ce za ta aika labarin kai tsaye, ta Conversions API na Meta ko Events API na TikTok.

"Juyawa" da "sauyawa", a matsayin fassarar "conversion", ba su da mazauni a bakin 'yan kasuwa. Wani ɗan uwa ya kawo "faɗuwar ciniki", tunda a kasuwa ana cewa ciniki ya faɗa idan an daidaita, amma da zarar an mayar da maganar suna, mai karatu zai ɗauka kasuwa ce ta ja baya. "Ƙulluwar ciniki" ta fi tsabta, ko da yake a yawancin jimloli "ciniki" kaɗai ya wadatar.

Inda na fi tsayawa shi ne "bin diddigi". Abin da ya bambanta sabuwar hanyar da tsohuwar shi ne wanda ke kai labarin, kuma kwamfutar shago ba ta bin sawun kowa, abin da ya riga ya shiga lissafinta take sanarwa. Shi ya sa na fi karkata ga "rahoto". Wannan ya fi fitowa fili a kasuwarmu ta Najeriya, inda masu saye da yawa suke biya ta tiransfa ko sai kaya sun iso hannu. Burauza ba ta ganin kuɗin da aka miƙa wa ɗan aike a ƙofar gida, amma idan mai shago ya shigar da shi a lissafinsa, kwamfutar za ta iya sanar da dandalin cewa an biya. Akwai masu cewa "rahoto" yana lulluɓe gaskiyar cewa bayanan mutane ake miƙawa, kuma maganarsu tana da nauyi, domin ana haɗawa da imel da lambar wayar mai saye. Lambar ana rubuta ta da 234 a gaba, a jefar da sifilin farko, sannan a murɗe ta da wani tsarin ɓoye bayanai mai suna SHA-256 ta koma jerin haruffa da lambobi 64 kafin a aika, dandalin kuma ya gwada ta da waɗanda yake da su. Murɗewar ba ta ɗauke wa mai shago nauyin da dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora masa ba. Amma wannan gargaɗi ne da ya kamata a yi a bayani; ba sai an cusa shi cikin suna ba.

"Uwar garke" kuwa, wato "server", kwamfutar da ke ɗauke da shagon, duk da yawan ganinta a fassarar na'ura, hankalin mai karatu ga dabbobi take kai shi. "Saba" ta fi kusa da bakin masu sana'ar, kuma "sabar shago" ba ta rikicewa da fi'ilin sabo.

Don haka shawarata ita ce "rahoton ciniki daga sabar shago", kishiyarsa kuma "rahoton ciniki daga burauzar mai saye". Samun biyun yana da amfani, tunda Meta kan shawarci a haɗa hanyoyin tare, a ba kowane ciniki lambar shaida guda, ta yadda idan rahotannin biyu suka iso cikin awa 48 za a ƙirga shi sau ɗaya. Abin da ya rage mana shi ne sunan matakan da ba su kai ga biya ba, kamar jefa kaya a kwando ko cike fom. Ni dai "amsa talla" nake ba da shawara a kansu, kuma ina sauraron malamai.