Musayar waƙa: amani da mil 12

Ɗan Nima:
Salamu alaikum jama'a, jiya na je Chorkor, unguwar masunta a Accra ta Gana, sayo wa tsohuwa kifin amani wallahi abin da na gani ya dame ni, duk ƙanana ga tsada kamar nama, shi ne na ce bari in buɗe fage mai iyawa ya amsa.

Amanin da kaka ke soyawa,
huɗu kacal sun isa ƙosarwa,
na yau ko yatsa ba ya kaiwa,
manyan jirage ke kwashewa,
cikin dare, ba mai tsawatarwa.

Hajiya Mai Banda, Tema:
Ɗana ka sosa min inda ke ƙaiƙayi, wato saiko, cinikin kifi ta bayan fage tsakanin manyan jirage da kwale-kwale a tsakiyar teku.

Hayaƙin banda bai kashe ni ba,
saiko ne bai bar ni na huta ba.
Kifin da ko ƙwai bai taɓa yi ba,
a daskarar da shi allo-allo, ba a ji kunya ba,
a miƙa wa kwale-kwale can inda ido bai kai ba,
a sauke a Elmina, ba a tambaya ba.
Tuta ta Gana ce a kan jirgin,
kuɗin 'yan China kuma ba su ɓoyu ba.

Malam na Sekondi:
Hajiya ai an motsa fa, majalisa ta yi sabuwar dokar kifi a 2025 Shugaba Mahama ya sa hannu, ta 2002 ta kau.

Share hawaye, an sake doka,
mil 6 na da ne, yanzu an ninka,
12 daga gaɓa na kwale-kwale ne duka,
mai jan raga ya matsa can da nisa,
kifi ya zuba ƙwai kamar an shuka.

Baba Sabon Zango:
Malam na ji, amma teku ba ta da shinge,
wa zai tsaya da dare ya kange?
Turai ta ba mu katin gargaɗi a 2013,
aka gyara, a 2021 ga shi ya dawo,
ba rashin takarda kaɗai ba ne ya jawo.
Kuma mu faɗa wa namu gaskiya:
fitila cikin ruwa, raga mai ƙaramin ido,
wasu har da nakiya,
su ma sun ci rabon jikoki, ba a faɗa ne don kunya.

Hajiya Mai Banda, Tema:
Baba wallahi ba ka yi ƙarya ba, ni kaina na sayi na fitila ina sane saboda yara za su ci, shi ya sa nake son dokar nan ta kama kowa har da mu.

Talata ba a shiga ruwa tun kakanni,
ba soja, kowa ya sani.
A sa jirgin sintiri ya kwana a mil 12,
a kama babba kafin ƙarami, idonmu ya gani.
Malam ka zo Tema baɗi da damina,
ka auna min amani da tafin hannuna.

Malam na Sekondi:
In Allah ya kai mu Hajiya, da dokunu zan zo, ki tanadi shito.