Muhawara: Shin silika kaɗai ta isa a san zafin ƙarƙashin marmaro?

Dakta Sani: Ina nan a kan bakana. Idan marmaro na tafasa, ruwansa garau, pH (ma'aunin tsamin ruwa) kusa da 7, auna silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu, ya wadatar. Yawan silikar da ruwa ke narkarwa daga dutse yana bin zafin wurin da ya zauna, kuma idan ya taso da sauri ba ta samun lokacin kwantawa. Da lissafin masanin nan Fournier na 1977, miligiram 300 na silika a kowane kilo na ruwa yana nuna digiri 209 na Salshiyas.

Injiniya Hadiza: Dakta, 209 ɗin nan sai in ruwan bai fitar da tururi a hanya ba. Marmaron da ke tafasa kuwa ya fitar. Tururi na tafiya ya bar silika, sai ta taru. Da lissafin da ya lura da haka, 300 ɗin nan digiri 192 ne. Mafi muni shi ne gauraya: ruwan sanyi mai miligiram 20 ya haɗu da ruwan zafin rabi da rabi, silika ta koma 160, lissafi ya ce 165. Sai a yi watsi da wurin da a gaskiya ƙarƙashinsa ke da zafi sosai.

Dakta Sani: Gauraya ba ta ɓoyuwa, Injiniya. Magniziyam zai tona ta, domin ruwa mai tsananin zafi kusan ba ya riƙe shi, in an gan shi da yawa, ruwan sanyi ya shiga.

Injiniya Hadiza: To ai kun fita daga silika kaɗai ke nan.

Malam Buhari: Akwai tambayar da ke gaba da wannan: wane ma'adini ne ke ƙayyade yawan silikar da ke narke a ruwan? A ƙasar Aisland an ga cewa sama da digiri 180 kwaz ne, ƙasa da kusan 110 kuma kalsedoni, duka biyun ma'adinan silika ne, kowanne da lissafinsa. Miligiram 150 yana ba da 161 da kwaz, 137 da kalsedoni. Tsakanin digiri 110 da 180 dole a nemi shaida ta biyu. Ni ina fifita sodiyam da fotasiyam, saboda rabo ne tsakaninsu, tafasa ba ta sauya shi, kuma yana jinkirin sauyawa idan ruwa ya huce. Sharaɗi dai a fara ɗora samfurin a zanen masanin nan Giggenbach na 1988 mai kusurwa uku: sodiyam, fotasiyam da magniziyam. In ya faɗa ta gefen magniziyam, ruwan bai daidaita da dutse ba, a bar lissafin.

Malama Rabi: Duk wannan bai shafi ruwa mai tsami ba. Inda tururi ya ɗumama ruwan sama, iskar farar wuta ta zama asid, pH ya faɗi zuwa 2 ko 3, salfet ya yi yawa, kuloraid kaɗan. Wannan ruwan duwatsun da ke kusa yake ci, ba daga zurfi ya zo ba. Sannan ɗibar samfuri: a tace da mataci mai ƙananan ƙofofi na maikiron 0.45, a sirka samfurin auna silika kashi 1 cikin 10 da tataccen ruwa nan take, in ba haka ba ta dunƙule cikin kwalba sakamako ya yi ƙasa. Na sodiyam da magniziyam a ɗiga asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2. Shi pH a auna a bakin marmaro, domin iskar kabon na ficewa.

Dakta Sani: Na yarda da sharuɗɗan, Malama. Amma a ruwa mai yawan kuloraid (sinadarin gishiri) mai ƙarfin ɓuɓɓuga, tsakanin digiri 180 da 250, silika nake fara dubawa, sauran su biyo baya.