Bashin NELFUND da digirin aikin jarida: yaya ake lissafin biya?

Assalamu alaikum jama'a. Wani lissafi ne ya cije, a taimaka.

Bashin NELFUND, wato asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, babu ruwa a kansa. Ana fara biya shekara 2 bayan kammala bautar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Mu ƙaddara ɗalibin aikin jarida ya ci naira miliyan 1.2 a shekara 4, kuɗin makaranta haɗe da 20,000 na kashewa a wata. Idan ya fara da mafi ƙarancin albashi, 70,000, za a cire 7,000 a wata, biyan ya haura shekara 14. A albashin 150,000 kuwa wata 80 ne.

Matsalar ita ce da yawa a wannan fanni ba su da albashi tsayayye. Wani sayen lokaci yake a rediyo ya nemo talla, wani ɗaukar bidiyon biki, wani watan a samu wani watan a rasa. An ce mai sana'ar kansa zai biya kashi 10 na ribarsa, to wa ke tantance ribar? Kuɗin kyamara da data ana cire su tukuna?

Kuma tunda hauhawar farashi na cin darajar bashin, ya fi a karɓi duka, ko a tsaya a kuɗin makaranta kawai?